Shaida a Ɗigon Jini: Tarihin Antibodi daga Berlin zuwa Sabon Gari

A shekarar da na cika talatin da haihuwa, sau uku ana shaida mini cewa ina ɗauke da taifot. Duk sa'ad da zazzaɓi ya rufe ni, sai in tari a-daidaita-sahu in nufi wani ɗakin gwaji da ke saman bene a Sabon Gari, a ɗaure mini dantse a zuƙi jini, in zauna a benci kamar rabin sa'a, a miƙo mini takarda mai lambobi irin su 1/160. Daga nan sai kemis, sai kwana goma ina haɗiyar ƙwayoyi. A karo na huɗu ne wata likita ta karɓi takardar, ta duba, ta ajiye ta gefe. Ta ce, "Malam, abin da takardar nan ta nuna shi ne jikinka ya taɓa gamuwa da ƙwayar taifot ko wata 'yar uwarta. Ba ta ce ita ke damunka yau ba." Ta sa aka soki ɗan yatsana, aka ɗiga jinin a wani ɗan tsinken gwaji na roba. Bayan minti ashirin layi biyu suka bayyana. Maleriya ce.

Daga baya na gane cewa gwajin da ya ɓatar da ni da wanda ya gano ciwona tushensu ɗaya: wani abu da jiki ke ƙerawa, wanda masana ke kira antibodi. Da shi ne kuma manyan ɗakunan bincike ke leƙa cikin farar ƙwayar jini guda ɗaya, su ga ko wani sinadari mai isar da saƙo yana nan ko babu shi. Tsakanin bencin Sabon Gari da waɗannan ɗakuna akwai tarihin shekara 130 da ɗoriya, wanda ya bi ta Berlin da Paris da Zariya da Fagge. Na bi shi da tambaya guda, irin wadda alƙali ke yi kafin ya karɓi maganar mai ba da shaida: wa ya tantance shi?

Gwafar da jiki ke sassaƙawa

Antibodi furotin ne ɗan ƙanƙane ƙwarai, mai siffar gwafa. Wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B ne ke ƙera shi. Bakin kowace gwafa ya dace ne da abu guda, kamar yadda mukulli ke dacewa da kwaɗonsa. Idan ƙwayar ƙyanda ta shiga jikin yaro, ƙwayoyin B da gwafarsu ta dace da ita sai su hayayyafa, su cika jini da irin wannan gwafa, wasunsu kuma su zauna shekara da shekaru suna gadi. Shi ya sa ƙyanda ba ta cika kama mutum sau biyu ba, kuma a kan wannan aka gina allurar rigakafi.

Abin da zai iya tsamo abu guda daga cikin dubbai, lalle zai yi aikin shaida. Masu gwaji suna amfani da shi ta hanya biyu. Ta farko, a binciki jinin majiyyaci a ga ko akwai antibodin wata cuta a ciki. Wannan bin sawu ne, sawu kuwa yakan daɗe bayan mai shi ya wuce. Ta biyu, a zo da antibodin da aka ƙera a waje, a liƙa masa launi ko haske, a aika shi ya kamo ƙwayar cutar ita kanta ko wani ɓangare nata. Bahaushe ya riga ya raba jiyau da ganau. Takardata ta taifot jiyau ce, tsinken maleriya kuwa ya fi kusa da ganau.

Dokin Berlin da mashaƙon Kano

A watan Disamba na 1890, a birnin Berlin na ƙasar Jamus, Emil von Behring da abokin aikinsa ɗan Japan, Kitasato Shibasaburo, suka wallafa abin da suka gano: idan aka saba wa dabba da dafin wata cuta kaɗan-kaɗan, ruwan jininta yakan samu ikon karya dafin, kuma idan aka tsira wa wata dabbar wannan ruwa, kariyar takan bi shi. Cikin 'yan shekaru aka fara ɗibar ruwan jinin dawaki ana yi wa yara masu mashaƙo magani da shi. Behring ne ya fara karɓar lambar Nobel ta fannin likitanci a 1901.

Mutanen Kano sun ga amfanin wannan aiki ba da daɗewa ba. Annobar mashaƙo da ta kunno kai a ƙarshen 2022 ta kuma tsananta a 2023, a jihar Kano ta fi yin ɓarna a duk Najeriya. Maganin da likitoci suka riƙa nema ruwa a jallo domin yaran da maƙogwaronsu ya toshe shi ne dai ruwan jinin dokin nan, wanda ya yi ƙaranci a duniya saboda kamfanonin da ke yin sa sun ragu.

Tun a Berlin matsalar tantancewa ta fara. Ruwan jinin wannan doki yana da ƙarfi, na wancan ba shi da shi, ga kuma kwalabe iri ɗaya. Wani yaro ya tashi, wani ya mutu, alhali an ce magani ɗaya aka ba su. Paul Ehrlich ne ya warware wannan. A 1896 aka kafa masa cibiyar binciken ruwan jini da tantance shi, a 1897 kuma ya fitar da hanyar auna ƙarfin kowace kwalba ta hanyar gwada ta da wani ma'auni da aka adana. Tun daga ranar, duk inda antibodi ya yi aiki da aminci, za ka tarar akwai wani a bayansa riƙe da mudu.

Gwajin da ya girmi Sabon Gari

A 1896, wani likitan Faransa mai suna Georges-Fernand Widal ya juya al'amarin. Maimakon a yi magani da ruwan jini, sai ya yi tambaya da shi. Ya haɗa ƙwayoyin taifot da ruwan jinin majiyyaci, ya ga sun dunƙule sun yi gudaji idan akwai antibodinsu a ciki. Lambar 1/160 da ke takardata tana nufin an sirka ruwan jinina har ninki 160 amma gudajin bai daina fitowa ba.

A lokacin da Widal ya yi wannan aiki, Turawa ba su ci Kano ba, sai a 1903. Jirgin ƙasa bai iso ba, sai a 1911. Fagge tana nan a matsayinta na masaukin fatake da Buzaye a bayan ganuwa, Sabon Gari kuwa ba a ma yanka filinsa ba, sai wajajen 1913. Gwajin da ake yi mana yau a kan titunan unguwar ya girme ta da kusan shekara 17.

Tsufa ba laifi ba ne. Matsalar ita ce wurin da ake amfani da shi. A garin da ruwan sha ke yawan gurɓata, manya da yawa masu ƙoshin lafiya suna yawo da sawun tsohuwar haɗuwa da taifot ko danginta a jininsu. Maleriya ita ma takan ɗaga lambar. A makon farko na taifot ta gaskiya kuwa, gwajin na iya cewa babu komai, domin jiki bai gama sassaƙa gwafarsa ba. Ƙa'idar gwajin ita ce a ɗebi jini sau biyu, kwana 10 zuwa 14 tsakani, a ga ko lambar ta ninka sau huɗu. Mafi inganci shi ne a shuka jinin a kwalba ta musamman a jira ƙwayar ta tsiro, wanda ke cin kwanaki da kuɗi. Mai zazzaɓi ba shi da haƙurin jira, mai ɗakin gwaji kuma ya san haka. Sakamakon shi ne shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai, har ƙwayoyin su saba da su. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka samu taifot da ta bijire wa kusan duk magungunan da aka saba ba ta.

Abin da aka yi a Zariya

Akwai lokacin da Arewa ta kasance cikin masu ƙirƙirar irin waɗannan gwaje-gwaje. A 1970, likita Brian Greenwood ɗan Ingila ya koma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya yi shekara goma kafin ya tafi Gambiya a 1980. Shi da Hilton Whittle da abokan aikinsu sun fuskanci matsalar da kowace bazara ke zuwa da ita: sanƙarau. Ƙwayoyin cuta daban-daban ne ke jawo shi, kuma sanin wacce ce ke gabanka shi ke nuna maganin da za a ba majiyyaci da rigakafin da za a yi wa gari. Shuka ruwan ƙashin baya yana cin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan an riga an yi wa yaro allura a gida ko a kemis, sau da yawa babu abin da zai tsiro.

A 1971 suka wallafa wata hanya a mujallar Lancet. Ana shimfiɗa wani abu mai kama da daskararren kamu a kan gilashi, a huda ramuka biyu, a zuba ruwan ƙashin bayan majiyyaci a ɗaya, a zuba antibodi a ɗayan, a saki wutar lantarki. Suna tahowa su haɗu a tsakiya. Idan sun dace da juna, sai wani farin layi ya fito cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. Tun da ɓawon ƙwayar cutar ake nema, ko ta mutu shaidarta na nan. A 1974 suka wallafa hanya mafi sauƙi: a shafa antibodi a jikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin roba, a gauraya da ɗigon ruwan, a ga gudaji da ido cikin mintuna, ba tare da wuta ba. Lokacin da annobar 1977 ta auka wa Zariya, akwai ƙwararru a wurin da suka bi diddiginta suka rubuta ta dalla-dalla. A nan ne kuma aka nuna cewa maleriya tana raunana yadda jikin yaro ke amsa rigakafi.

Darasin Zariya shi ne an gwada shaidan a inda zai yi aiki, a kan majiyyatan wurin, an kuma kwatanta maganarsa da abin da shuka ta nuna kafin a yarda da shi.

Asibitin Zana, 1996

Shekara 19 bayan annobar Zariya, wadda ta fi ta muni ta zo. A 1996 an rubuta mutum 109,580 da suka kamu da sanƙarau a Najeriya, 11,717 suka rasu, kamar yadda Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka wallafa. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke titin France Road a ƙaramar hukumar Fagge, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse.

A nan ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu, wasu kuma suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Da aka zo biyan diyya, sai aka ce sai an yi wa iyalai gwajin ƙwayoyin gado domin tabbatar da masu haƙƙi, da yawa kuma suka yi ɗari-ɗari da shi.

Trovan magani ne, ba antibodi ba. Na kawo shi ne domin ya nuna abin da ke faruwa idan matakin tantancewa ya rushe. Shekara bakwai bayan haka, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, kuma labarin Asibitin Zana na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Amanar da ta zube a kan kwalba ɗaya takan shafi duk kwalaben da suka biyo baya.

Ɓeran Cambridge

Mu ɗan koma baya. Duk antibodin da aka yi aiki da shi daga Berlin zuwa Zariya daga jinin dabba aka ɗebo shi, doki ko zomo ko akuya. Irin wannan ruwa gauraye yake da gwafa iri-iri, kuma idan zomon ya mutu, na gaba ba zai ba da irin nasa sak ba. A 1975, a birnin Cambridge na Ingila, César Milstein ɗan Ajantina da Georges Köhler ɗan Jamus suka ɗauko ƙwayar B daga saifar ɓera, suka haɗe ta da ƙwayar kansa wadda ba ta daina hayayyafa. Abin da aka haifa ya gaji iyayensa biyu: yana ƙera gwafa iri ɗaya tak, kuma ba ya mutuwa muddin ana ciyar da shi. Ba a yi wa wannan fasaha rajistar mallaka ba. A 1984 aka ba su lambar Nobel tare da Niels Jerne.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1979 aka samu antibodin da ke rarrabe fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T gida-gida, alhali a madubin likita kamarsu ɗaya. Ɗaya daga cikin alamomin da aka gano a jikinsu ita ce aka raɗa wa suna CD4. Duk wanda ya taɓa raka mai cutar ƙanjamau Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ji wannan suna. Lafiyayyen mutum yakan samu ƙwayoyin CD4 tsakanin 500 da 1,500 a cikin ɗan mitsitsin ma'auni na jini, idan suka faɗo ƙasa da 200 garkuwa ta karye. Yadda ake ƙirga su shi ne a liƙa wa antibodi wani launi mai ƙyalli, a sa ƙwayoyin su wuce ɗai-ɗai ta gaban hasken leza, na'ura tana lissafa duk wadda ta haska.

Tsinken maleriya shi ma jikan ɓeran Cambridge ne. An shimfiɗa antibodi a layi a kan 'yar takarda. Mafi yawan tsinkayen suna neman wani furotin na ƙwayar maleriya mai suna HRP2, wasu kuma suna neman wani enzayim nata. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwaji kafin a ba kowa maganin maleriya.

Saƙon da ya maƙale a hanya

CD4 a bayan ƙwaya yake, kamar lambar gida a jikin ƙofa. Mataki na gaba shi ne shiga cikin gidan. Idan ƙwayar B ko T ta ci karo da baƙo a bakin ƙofarta, dole labari ya isa cibiyarta kafin ta ɗauki mataki. Labarin yana tafiya ne hannu zuwa hannu, kamar yadda mai unguwa ke kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai fada. Masu wannan aiki wasu enzayim ne da ake kira kinas. Enzayim furotin ne mai sa wani sauyi ya auku, kinas kuwa aikinsa shi ne ya buga wa na gaba da shi hatimin sinadarin fosfet, wanda ke tashe shi ya ci gaba da isar da saƙon. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano wannan tsari a shekarun 1950, suka karɓi Nobel a 1992.

A 1952, likitan sojan Amurka Ogden Bruton ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara takwas da cututtuka masu tsanani suka yi ta kamawa a kai a kai. Da aka auna jininsa sai aka tarar kusan babu antibodi a ciki. Bruton ya riƙa yi masa allurar antibodin wasu mutane duk wata, yaron ya samu sauƙi. Sai a 1993 aka gano dalilin: kinas guda ɗaya ne ya lalace, aka sa masa suna BTK domin tunawa da Bruton. In babu shi, ƙwayoyin B ba sa girma su fito daga ɓargo. Cutar ta wajen uwa ake gadonta, 'ya'ya maza take kamawa, kuma takan bayyana ne bayan wata shida da haihuwa, lokacin da antibodin da jariri ya samo daga mahaifiyarsa ya ƙare.

A ɓangaren ƙwayoyin T akwai ZAP-70, wanda ɗakin binciken Arthur Weiss a San Francisco ya gano a farkon shekarun 1990. A 1994 aka bayyana yaran da aka haifa ba su da shi: ƙwayoyinsu na CD4 suna nan da yawa amma saƙo ba ya wucewa a cikinsu, 'yan uwansu na CD8 kuwa kusan babu. Wannan sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, kamar sikila, don haka ya fi yiwuwa a inda ake auren zumunci. Maganinsa dashen ɓargo.

Ta yaya ake ganin abin da ke cikin ƙwaya? Da antibodi dai. Ana sandarar da ƙwayoyin, a huda fatarsu da wani sinadari mai kama da sabulu, a tura antibodi mai ƙyalli ya nemo BTK ko ZAP-70, sannan a wuce da su ta gaban leza. Tun da yaro mai cutar Bruton ba shi da ƙwayoyin B, a wasu ƙwayoyin jinin ake duba BTK. Mahaifiyar da ke ɗauke da gadon takan nuna kashi biyu, wasu ƙwayoyin sun haska, wasu ba su haska ba. Akwai ma antibodin da ba ya kama enzayim sai an buga masa hatimin fosfet, wanda ke nuna ko saƙo yana tafiya a daidai wannan lokaci. Sanin BTK ya haifar da magani: a 2013 Amurka ta amince da ibrutinib, mai toshe shi, domin wasu nau'o'in kansar jini.

Wani zai ce me ya haɗa Fagge da wannan? Hausawa suna da kalmar wabi, suna da sunaye irin su Ajuji da Ayashe da ake raɗa wa yaron da yayyensa suka yi ta rasuwa. Mafi yawan waɗannan mace-mace sanadinsu sananne ne: maleriya, ƙyanda, gudawa, tamowa, sikila. Cututtukan gado na garkuwar jiki ba su da yawa, amma kayan waɗancan suke sawa. Yaron da ciwon huhu ya kwantar sau biyar a shekara biyu, kunnensa na zubar da mugunya, kawunsa na wajen uwa kuma ya rasu yana ƙarami da irin wannan ciwo, cikin sauƙi za a lissafa shi cikin masu tamowa. Matakin farko na gano shi bai kai wahalar da ake zato ba: a auna yawan antibodin jininsa, a ƙirga ƙwayoyinsa na B da T da irin fasahar da ake ƙirga CD4.

Wa ke riƙe da mudu?

Kada a ɗauka matsalar shaidan zur ta Sabon Gari ce kaɗai. A 2003 aka nuna cewa yawan ZAP-70 a ƙwayoyin wata kansar jini mai tafiyar hawainiya yana nuna wanda ciwonsa zai yi saurin tsananta. Amma sakamakon yakan bambanta daga ɗakin gwaji zuwa wani, gwargwadon antibodin da aka saya da yadda aka huda ƙwayoyin, har hakan ya rage amfanin gwajin. A 2015, Andrew Bradbury da Andreas Plückthun, da goyon bayan masana fiye da 100, suka yi kira a mujallar Nature cewa antibodin da ake sayar wa masu bincike da yawa ba sa kama abin da aka rubuta a kwalbarsu, ko suna kamawa har da waninsa. A 2017 masu bincike a Suwidin suka gwada antibodi 13 da ake amfani da su wajen neman wani furotin da aka danganta da kansar mama, ɗaya kaɗai ya ci jarrabawa. Jarrabawar da aka fi yarda da ita yanzu mai sauƙin fahimta ce: a kai shaidan gidan da aka tabbatar wanda ake nema ba ya ciki, wato ƙwayar da aka cire mata wannan furotin da gangan. In ya ce ya gan shi, maƙaryaci ne.

A wajenmu akwai ƙarin abokin gaba, wato zafi. Antibodi furotin ne, kamar farin ƙwai, zafi na lalata shi. Na bincike a firji yake zama, tsinkayen gwaji kuma kowanne da iyakar zafin da aka rubuta a kwalinsa, wasu digiri 30, wasu 40. Kano a watan Afrilu takan haura 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano ko bayan mota. Layin farko da ke fitowa a tsinke yana nuna cewa ruwan ya gudana ne, bai tabbatar da cewa layi na biyu yana da rai ba. HRP2 kuma yakan yi makonni a jini bayan an warke. Ƙwayar maleriya ita ma ta koyi ɓuya: a 2010 aka ba da rahoton wadda ba ta ƙera HRP2 a Peru, daga baya Eritiriya ta sauya irin tsinkayen da take amfani da su saboda haka.

Masu riƙe da mudu suna nan a takarda. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke gwada tsinkayen maleriya na kamfanoni tana bayyana sakamako. A Najeriya akwai NAFDAC, akwai kuma majalisar kula da aikin ɗakunan gwajin lafiya, wadda dokar 2003 ta ɗora wa alhakin sa ido a kan ɗakunan da kayan aikinsu. A 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani na sari a Sabon Gari domin tilasta musu komawa sabuwar kasuwar Dangwauro, kuma yadda ake adana kaya na cikin hujjojin da aka bayar. A watan Mayun shekarar ne Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure. Gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta da dokar ta wajabta duk a kan antibodi suke tsaye. Ke nan yanzu layi biyu a kan 'yar takarda na iya ɗaura aure ko warware shi.

Saboda haka mai karatu yana da haƙƙin yin tambaya kafin ya miƙa dantsensa. Wannan gwaji ƙwayar cutar yake nema ko sawunta? Yaushe wa'adin kwalin zai ƙare, kuma ina aka ajiye shi? Idan ya ce akwai, da me za a tabbatar? A gwajin ƙanjamau, ƙa'idar ƙasa ita ce tsinke ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita da wani iri daban. A taifot, Widal guda ɗaya bai isa dalilin kwana goma na magani ba. Ga iyayen da yaronsu ke kwanciya asibiti a kai a kai kuwa, tambayar ita ce ko an taɓa duba garkuwar jikinsa ita kanta.

Kwanan baya na bi ta ƙarƙashin benen nan na Sabon Gari. Benci na nan, mutane na zaune kowa da ɗan audugarsa a lanƙwasar hannu. Wata mata ta sauko riƙe da takarda, ta tsaya a bakin titi tana duba lambobin, sannan ta tsallaka ta nufi kemis.